Ladidi a Bangon Gidanmu

Sa'idu da Maryam, wannan babin naku ne ku biyu, kuma kun san dalili. Tun rasuwar mahaifiyarku babu wanda ya sake ɗaga mini maganar fim ɗin nan a cikinku, amma ina lura da yadda kuke kawar da zance in baƙo ya tambayi inda gwangwanayen da suka cika mana gida suka tafi. Rannan kuma na ji Sa'idu a kicin yana faɗa wa matarsa cewa taurin kaina ne ya kashe abin da babu na biyunsa a duniya, wai na fake da ciwon Umma ne kawai don ba na iya rabuwa da kayana. Kunnen hagu ne ya mutu, ɗana, na dama yana nan da ransa. Na ji haushi ƙwarai, har na ƙi cin abincin ranar, kuka ɗauka ciwon cikina ne ya tashi. Da na huce sai na ga ba laifinka ba ne, rabin labarin ka sani. Bari in ba ku shi duka tun ina da sauran hankalin da zan jera shi.

Ina saurayi, kafin a rufe silimomin tsakar gida na unguwar Hindawiyya a nan Jidda, na yi aiki wurin wani dattijo mutumin Hadramaut mai irin wannan silima. Fili ne kawai da katanga, da bencinan katako, da farin bango. Ni ne mai kula da majigi: in goge masa ido, in ɗiga masa mai, in liƙe shirit in ya tsinke, wato zaren fim ɗin da ke naɗe a faifai. A akwati finafinan suke zuwa ta jirgin ruwa, kuma masu aikowa sukan cike gurbin akwatin da wasu tsofaffin faifai da ba mai so, na zamanin da ba a iya sa wa hoto murya ba. Bebaye muke ce musu. Sau ɗaya maigidana ya gwada haska ɗaya daga ciki, 'yan kallo suka yi ta jifan bangon da ɓawon gyaɗa, suna cewa a dawo musu da mai waƙa da dambe. Washegari ya ce in kwashe su in zubar a bayan kasuwa. Ban zubar ba. Na bari sai da rana ta take, kowa ya tafi ƙailula, na shiga ɗakin ajiya na rufe ƙofa, na haska wa kaina ɗaya a jikin wani farin buhu.

Wata mata ce a tsaye bakin kogi, iska na kaɗa mata mayafi, tana kallon wani abu da ba a nuna mana ba. Ba kiɗa, ba magana, sai ƙarar majigi kamar keken ɗinki. Ta ɗaga hannu kamar za ta kira wani, ta fasa, ta mayar da hannun ƙirjinta. Ban san ƙasarta ba, ban san sunanta ba, rubutun da ke fitowa tsakanin hotuna ma ban san harshensa ba, amma na san abin da ke damunta. Ranar na yarda da masu cewa shiru ma magana ce, kuma tun daga ranar na kamu. Aka rufe silimomin, na koma gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, don in ci abinci, amma duk Juma'a ina kasuwar gwanjo ina birkita tarkacen mutane, ina buɗe gwangwani ina sunsunawa. Ma'aikatan jirgin ruwa sun san ni, masu kwashe kayan tsofaffin gidajen Balad, wato tsohon gari, sun san ni, in suka ga faifai sai su ce a kai wa Haruna Majigi. Sa'o'ina suna tara filaye da zinari, ni ina tara fuskokin mutanen da ƙasa ta daɗe da rufe wa ido, suna kuka suna dariya ba sauti. Ban taɓa jin kunyar wannan ba.

Kakanku na wajen uwa, Malam Yusha'u, Bahaushen Sudan ne da ya zo aikin hajji da iyalinsa ya zauna, kuma ba a wasa da shi a kan addini. Da na je neman auren Zulai, aka rigaye ni kai masa labari cewa yaron ɗan silima ne. Ya sa aka kira ni, ya zaunar da ni a ƙasa gabansa.

"Abin nan da kake tarawa, akwai kiɗa a ciki?"

"Babu, Malam."

"Waƙa fa?"

"Babu. Ko magana ma ba sa yi."

Ya ja carbinsa, can ya ce, "To ai wannan inuwa ce. Ban taɓa jin an hana mutum aure don yana kiwon inuwa ba."

Bai san 'yarsa ce za ta ba inuwar baki ba. Gidanmu na unguwar Karantina a cikinsa kuka tashi, ba sai na kwatanta muku tsakar gidan ba, amma ba ku san yadda abin ya faro ba. Muna cikin amarci na haska mata matar bakin kogin nan a bangon gabas, ina jiran ta nutsu ta yi shiru kamar yadda nake yi. Ina! Ba a je ko'ina ba sai na ji ta ce, da wata siririyar murya da ba tata ba, "Baba, ruwa ya ƙaru yau, kada ka fita da kwalekwalen nan." Da tsohon da ke cikin hoton ya juyo ya buɗe baki, sai ta kumbura murya ta amsa a madadinsa. Na ce mata ba haka ake kallon irin wannan fim ba. Ta ce to wa zai yi musu magana, tun da Allah ya kawo su gidanmu ba su da baki? Ranar matar ta zama Ladidi, tsohon ya zama Baba Sarkin Ruwa, wani saurayi mai malafa da ya zo gina gada ya zama Tanko. Labarin ba shi da wuya. Uban yana tsallakar da mutane kogi a kwalekwale, aka gina gada sana'arsa ta mutu, Ladidi ta tafi birni aikatau a shagon ɗinkin huluna, ta sha wuya, daga ƙarshe ta dawo gida. Ko haka masu fim ɗin suka nufa ko ba haka ba, ni dai haka na san shi.

Daga nan ya zama al'adar gidan. Duk Alhamis bayan magariba a shimfiɗa tabarmi, maƙwabta su shigo da gyaɗa da fulas ɗin shayi, 'yan Sudan da 'yan Nijar da waɗanda aka haifa a nan, har da wata tsohuwa 'yar Barno da ba ta jin Hausa sosai amma ba ta fashi. Ni ina baya wurin majigi, haskensa yana ratsa hayaƙin turaren wuta yana wucewa ta saman kawunan mata, Zulai tana gefe a kan 'yar kujerarta tana raba wa bebaye murya. Ta yi wa finafinai da yawa haka, amma Ladidi ake roƙo. Abin da ya sa ba a gajiya da shi, ba ta taɓa faɗinsa iri ɗaya sau biyu ba. In mata biyu sun yi faɗa a kan famfo cikin makon, to ranar a kan famfo Ladidi da uwar ɗakinta za su yi faɗa, kuma su shirya kafin faifai ya ƙare, masu faɗan na zaune suna dariya suna rufe fuska da mayafi. In iƙamar wani, wato takardarsa ta zama a ƙasar, ta mutu yana ɓuya, Tanko ne zai yi ta waige-waige a hanya. Ƙanƙarar da ke zuba a garin su Ladidi ta ce audugar Sudan ce iska ta kwaso. Kogin kuwa kullum Bahar Maliya ne, wanda ta tsallako tana yarinya daga Sawakin a jirgin katako, kanta a cinyar uwarta. Ni mai son shiru ne, sau da yawa nakan haska fim ni kaɗai don in sha shi yadda aka yi shi, amma Ladidi ban taɓa iya kallonta ba tare da muryar uwarku ba.

Shekarar da aka rushe Karantina ita nake so ku tsaya a kanta. Kun tuna jan fentin da aka zo aka shafa a bangon waje, da yadda maƙwabta suka watse, wasu Makka, wasu arewacin gari, wasu suka koma ƙasashen da kakanninsu suka baro. Sa'idu ya samo mana shagga, wato sashen haya a gidan bene, a unguwar Sharafiyya, a hawa na uku, shi ya ɗauki nauyin komai, Allah ya yi masa albarka. Zulai ba ta yi kuka ba ranar tashi. Ta dafa bangon gabas da tafin hannu, ta shiga mota. Ba mu daɗe a sabon wurin ba ta faɗi a bakin kicin, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Da aka sallamo ta daga asibiti likita ya ce harshen bai mutu ba, maganar ce ta ƙi fitowa, kuma ba zai iya ce mana ga ranar da za ta dawo ba. Matar da ta yi rabin rayuwarta tana magana a madadin marasa baki ta zauna a kujera tana kallon taga. In na kira ta sai ta dube ni kamar mai ƙoƙarin tuna inda ta san ni. Na tsorata, 'ya'yana, tsoron da ban taɓa yin irinsa ba. Na gwammace ta buɗe baki ko da zagina za ta yi.

Faifan ma ba su ji daɗin tashin ba. Shirit in ya tsufa a zafi da gumin Jidda yakan kamu da wani ciwo: ya fara warin khal, ruwan tsamin nan na girki, ya ƙanƙance, ya bushe, hujojin gefensa da haƙoran majigi ke kamawa su riƙa yagewa. A Karantina akwai ɗaki mai shan iska da na ware musu, a shagga kuwa ƙarƙashin gado da saman kwaba suka samu, har matar Sa'idu ta riƙa toshe hanci in ta shigo gaishe mu, tana cewa mura take yi. Wata rana bayan la'asar na buɗe gwangwanin Ladidi, warin ya buge ni har idona ya kawo ruwa. Na rataya bargo a taga, na ɗora majigi a kan teburin cin abinci, na haska a bangon falo, don kawai in ga abin da ya rage. Zulai tana kujerarta, ban ma juyar da ita ba. Majigi ya kama ƙararsa, kogi ya fito a bango, ƙura tana yawo a cikin hasken, Ladidi ta fito daga bukka da bokiti a hannu. Sai na ji daga gefena, a hankali, baki a karkace amma ko kalma ɗaya ba ta zube ba:

"Baba, ruwa ya ƙaru yau."

Ban juya ba, ina tsoron in na juya za ta daina. Ta yi Ladidi, ta yi Sarkin Ruwa, ta yi Tanko har da iyayinsa. Da faifan ya ƙare na yaye bargo, na durƙusa gabanta na ce, Zulai, kin gane ni? Ta dube ni, ta dubi bango, ta koma shirunta. A kwanakin da suka biyo na gwada wasu finafinan, har da waɗanda take so a da, ko kai ba ta ɗaga ba. Ladidi kaɗai take yi wa magana.

Maryam, ke kika ɗauki guntun abin a waya kika sa a intanet don 'yan uwa na Sudan su ji muryar Umma. Ba ki yi laifi ba. Daga hannu zuwa hannu ya kai ga wata Baturiya, Madam Klara, mai aiki a wani gidan adana tsofaffin finafinai a ƙasarsu, ba a daɗe ba sai ga ta a Jidda da abayar aro da farar safar hannu a jaka. In faɗi gaskiya, matar nan ta kwanta mini a rai. Tun da nake ban taɓa ganin wanda ya ɗauki faifai yadda nake ɗauka ba sai ita, da hannu biyu, ta gefe, kamar mai karɓar jariri. Ta ɗaga shirit ɗin ga hasken taga ta daɗe tana dubawa, sannan ta sauke. Ta yi magana, ke kina fassarawa.

"Ya Baba, ta ce fim ɗin nan su sun daɗe da fid da rai da shi. Ya'ani babu shi ko'ina, wannan ne kaɗai ya rage."

"Na daɗe ina zargin haka," na ce.

"Ta ce yana mutuwa. Kullu marra, duk sa'ad da ka sa shi a makina, kana rage masa kwana. In ka ba ta yanzu za su sa shi a sanyi, su yi masa magani, su kwafe shi hoto bayan hoto, ba'adain su aiko maka da kwafi mai kyau."

"Yaushe?"

Kika tambaye ta, ta amsa.

"Ta ce aikin yana da wuya. Mumkin shekara, mumkin fiye."

Dukkanmu muka dubi kujerar da ke bakin taga.

Ban ce a'a nan take ba, wannan ma Sa'idu ya manta. Na ce a gwada. Muka sa guntun da Maryam ta ɗauka a babbar talabijin, muka juyo da Umma, ta kalle shi yadda take kallon labarai. Muka rataya bargo. Sa'idu ya aro na'urar haska hoto ta ofishinsu ya haska a bangon, har ya samo ƙarar majigi a waya ya kunna a bayanta. Ba ta ce uffan ba. Ban san me take jira ba, ko ɗumin fitilar ne, ko warin mai da ƙura, ko 'yar rawar da hoton ke yi, ko kuwa ni take so ta ji a bayanta ina juya faifai. Na tambayi likita, ya ce shi ma bai sani ba. Madam Klara tana otal tana jira, ranar tafiyarta ta matso. Ana gobe za ta dawo jin amsa, Sa'idu ya same ni ina ɗiga wa majigi mai.

"Ya Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, ka saurare ni. Umma ba da kai take magana ba, ba da mu ba, da bango take yi. Duktur ya ce mumkin ta samu sauƙi da gashi da motsa jiki, ba sai da wannan ba. Amma fim ɗin in ya tafi, halas, ya tafi ke nan. Kai ka koya mana cewa amana ne a hannunmu."

"Ni na koya muku."

"Tayyib, to ka ba ta. Za su rubuta sunanka a jikinsa, duniya ta gani."

"Sunana ba ya taya ni hira da la'asar," na ce masa.

Ya fita ransa a ɓace. A kan maganar amana gaskiya ya faɗa, kuma ita ta fi ci mini rai. Kuna zaton ban san abin da nake shirin yi ba? Na fi Madam Klara sanin fim ɗin nan. Na san inda haske ke sauka a kuncin Ladidi lokacin da ta ga an kafa ƙarfen gada na farko. Na san wani kare da ya ratsa ta bayan hoto ba da shirin kowa ba. Na san matar da ta yi wasan a cikin sanyi na gaske ta tsaya, don ana ganin tururin bakinta. Mutane sun sha wahala sun yi abin nan tun zamanin kakanni, ya tsallake yaƙi da gobara da teku, ya faɗo hannun mai gyaran mukayyif a Karantina, ga shi kuma an biyo shi har gida za a cece shi. In na hana, ni ne ajalinsa. Na sauko daga bene na yi ta tafiya a Sharafiyya cikin masu shaguna da hon ɗin motoci, ban san inda na nufa ba, har aka kira magariba. Na yi salla a wani ƙaramin masallaci, na roƙi Allah ya zaɓa mini. Abin da na fito da shi bai wuce wannan ba: duniya ta daɗe tana harkokinta ba Ladidi, ba ta ji a jikinta ba, ni kuwa 'yan watanni na yi ba muryar Zulai na kusa zaucewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na sayi burodi na koma gida.

Da Madam Klara ta zo na sa aka fito da gwangwanayen gaba ɗaya, na ƙarƙashin gado da na saman kwaba, aka jere su a falo har ba wurin sa ƙafa. Na ce wa Maryam ta faɗa mata ta kwashe duka, kyauta, ban da ɗaya. Wanda ba ya iya rabuwa da kayansa, Sa'idu, ba ya yin haka. A cikinsu akwai wanda na yi ta bin wani matuƙin jirgi kamar maroƙi kafin ya sakar mini, akwai wanda na harhaɗa da hannuna daga guntaye a cikin kwali. Matar ta gane wanne ne ɗayan tun kafin a fassara mata. Ta roƙe ni sau ɗaya, ba ta maimaita ba. Sai ta ce a bar ta ta ga yadda ake yi a gidan. Na rataya bargo na haska, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Zulai, ba ta jin ko kalma ɗaya ta Hausa, tana kallon bango tana waiwayen mai maganar. Da aka gama ta cire safar hannunta ta riƙe hannun uwarku mai lafiyar, ta daɗe a haka. A bakin ƙofa ta ce a faɗa mini in rage ƙarfin fitila, kuma kada in mayar da faifai baya da inji, in juya shi da hannu. Na riga na san wannan, amma na yi mata godiya.

Daga nan muka shiga wasu watanni da har yanzu in na tuna su sai in rasa ko mafarki na yi. Kullum bayan la'asar bargo a taga, ni a baya, ita a gaba. Fim ɗin yana raguwa a hannuna. Yau hujoji su yage a nan, in yanke wurin in liƙe, gobe can. Shagon huluna ya fara tafiya, sai karen nan, sai gadar kanta. Ladidi takan ɗaga ƙafa a birni ta sauke ta a ƙauye. Hoton ya riƙa lanƙwashewa, yana shiga yana fita kamar ana kallonsa ta ƙarƙashin ruwa. Duk guntun da na yanke sai na ji zafinsa a jikina, wani lokaci har in tsaya da almakashi a hannu ina ba matar haƙuri a zuci. Zulai kuwa giɓin bai dame ta ba, cike shi take yi. Sai na lura ta daina ajiye Ladidi a garin ƙanƙara, ta dawo da ita Karantina. Ladidi ta bi ta lungun mai gasa burodi, ta gaida tsohuwar nan 'yar Barno, ta tsaya a famfo, ta kira matan layinmu ɗaya bayan ɗaya da sunayensu da na 'ya'yansu, har waɗanda suka rasu, tana tambayar kowa lafiyar gidansa. Unguwar da aka mayar fili sai ta tashi a falonmu kowace yamma, da ƙofofinta da igiyoyin shanyarta, ina tsaye a baya ina share ido da hannun riga. Maryam ta zo sau da yawa da niyyar ɗaukar fim ɗin duka a waya, don a samu ko da inuwarsa ce. Je ki duba abin da kika ɗauka, 'yata. Bango kaɗan ne a ciki, sauran duk fuskar uwarki ce, don ke ma hannunki can yake juyawa.

Ranar ƙarshe ba ku nan. Sa'idu yana wurin aiki, Maryam ta kai yaranta gidan surukanta. Abin da kuka sani shi ne kun shigo kun tarar da ƙauri da shirit a zube a ƙasa, na ce muku halas, ban ƙara komai ba. Ban faɗa muku sauran ba don duk lokacin da na ɗauko shi sai muryata ta ƙi. A rubuce ya fi mini sauƙi.

Tun da na ɗora faifan na ji a yatsuna cewa ba zai kai ba, ya bushe kamar ganyen da ya sha rana. Na yi bisimilla na kunna. Ya tafi yana tangaɗi har wurin da Ladidi ta dawo daga birni ta sauke ƙunshin kayanta a gaɓa, bukkar ubanta tana tsallake. Nan haƙoran majigi suka kama iska, hoton ya tsaya cak. Wani ɗigo mai launin zuma ya fito a tsakiyar kogin, ya buɗe, ya cinye ruwan da bukkar da Ladidi, sauran shirit ɗin ya zubo ƙasa yana kakkaryewa. Bango ya zama fari fat. Na miƙa hannu zan kashe fitila.

"Bar shi, Malam."

Hannuna ya tsaya a sama. Tun faɗuwarta ba ta kira ni ba sai ranar. Ba ta juyo ba, idonta na kan farin bangon, amma da muryarta ta yi maganar, ba ta Ladidi ba, muryar da take ce mini in biya kasuwa in sayo albasa.

"Bar shi, ba su tsallaka ba tukuna."

Na bar shi. Majigi yana ta juyawa ba komai a cikinsa, ita kuwa ta ci gaba. Ta kawo kwalekwale, ta sa Ladidi a ciki, ta ce yau ruwan ya kwanta kamar an shimfiɗa tabarma. Ta sa tsohon ya yi tuƙi a hankali saboda ciwon kafaɗarsa. Ta ce ga hayaƙin gida can, an ɗora tukunya, ga mutane sun fito gaɓa tarye, ta kira su da sunayensu, har da ubanta da uwarta. Ina kallon farin bango, kuma wallahi na ga kwalekwalen yana tafiya, na ga ruwa na ɗiga daga filafili. Ban taɓa ganin fim ɗin nan tar kamar ranar ba. Can ta yi ajiyar zuciya, ta jingina kanta da kujera.

"To, sun isa. Kashe, Malam, ka zo ka zauna. Ka daɗe a tsaye."

Ba ta sake magana ba har Allah ya karɓi abinsa bayan ƙaramar Salla. Abin da na samu a madadin Ladidi ke nan. Ku auna da kanku, in kun ga na yi asara ba zan yi musu da ku ba. Ni dai na kashe fitilar kamar yadda ta ce, na jawo kujera na zauna kusa da ita.